Rai Nawa Ka Ba Shi?

Ni ne Jatau na gindin gadar Kwangila.
Kwalbar maganin tari ce ta yaye ni,
aljihun fasinja ne gonata,
ban taɓa jiran damina ba.

Ran da aka kama ni da wayar wani direba,
na sha duka har na daina jin sa,
sai ga wata mata mai gilashi ɗaure da zare,
ta ce, "Ku bar mini shi."
Malama Rifkatu ke nan. Sai Wusasa.

Na zaci wa'azi za ta ɗura mini.
Sai ta buɗe ɗaki a bayan majami'a,
ma'ajiyar ganguna da karyayyun kujeru:
kwamfuta huɗu, ɗaya sai an mare ta take farkawa,
janareto mai tarin fuka,
da yara bakwai masu ido irin nawa.

"A nan ba a buga wasa," in ji ta. "Ƙera shi ake yi."

Wata uku ina koyon yaren da ba a furtawa.
Ka manta ɗigo guda, duniya ta ƙi tashi.
Na zana ɗan mutum, bai kai ƙwayar gyaɗa ba,
na ce gudu, ya ruga,
na ce tsalle, ya ratsa bango ya ɓace.
Barnaba ya yi dariya har ya faɗo daga benci.
Tun da nake, ba wanda ya taɓa jin maganata
sai wannan ɗan tsito.

Na gina masa Zariya:
kwalbati, layin dogo, Kubanni ta cika ta batse,
Kufena can ƙarshe, in ya kai ya tsira.

Wata Laraba ƙishirwar nan ta dawo.
Na cusa linzamin kwamfuta a wando,
na sayar a Sabon Gari, kuɗin kwalba ɗaya.
Kwana tara ban leƙa ba.
Ba yunwa ce ta mayar da ni ba,
ɗan mutumin nan ne, na bar shi tsaye bakin rami.

Na tarar da linzamin a kan teburina,
shi ɗin dai, da tabon ƙuna a gefe.
Ta je ta fanso abinta.
Ba ta ce uffan ba. Da ma ta mare ni.

Ta ja kujera: "Mu ga wasan."
Ta danna, ya ruga, ya faɗa. Allo ya yi baƙi.
"Shi ke nan?"
"Shi ke nan."
"Rai nawa ka ba shi?"
"Ɗaya. Haka ake yi a Kwangila."

Ta cire gilashi, ta goge da gefen zane.
"Yesun da nake bi, da ƙidaya yake yi,
da tun ina 'yar sha tara an rufe shafina.
Amma wasanka ne."
Ta tafi zuba wa janareto mai.

Na goge ɗaya, na sa uku. Na ga rowa.
Na sa goma. Na sa ɗari.
Ta bayan bango mata na gwajin waƙar Lahadi,
suna ta komawa kan gaɓar da suke kuskurewa.
Sai na share layin ƙidayar gaba ɗaya:
in ya faɗi, ya tashi daga inda ya faɗi.

Barnaba ya ce na ɓata wasa,
in ba a mutuwa, ina daɗin?
Har yau muna musu.
Har yau wani dare maƙogwarona na kiran kwalba,
hannuna na ƙaiƙayi in na ratsa tasha.

Jiya an kawo wani, Yunana,
leɓe a fashe, ido na neman ƙofa.
Malama ta turo shi wurina.
Na miƙa masa linzamin nan mai tabo.
Ya faɗa rami sau goma sha ɗaya,
ya juyo: "Wai ba ya ƙarewa ne?"
Na ce, "Danna dai. Da sauran tafiya kafin Kufena."