Fatar da Ba Ta Sha Bagaruwa Ba

Ni baduku ne, ɗan baduku, a Zangon Damagaram.
Tun ban kai tsawon turmi ba na san warin majema.
Na san fatar da ta kwana cikin bagaruwa har ta ƙoshi,
na san wadda aka tsamo da gaggawa
aka shafe ta da jan karan dafi don idon mai saye.
A kasuwar Dole duka biyun ja suke.
Damina ce ke tona asiri.

Shekara goma sha tara ina zama a bencin gaba.
Majami'armu ƙarama ce, rufin kwano,
in na ce Amin sai kwanon ya amsa.
Ni ke riƙe makulli, ni ke ƙirga baiko.
In baƙo ya tambayi mai bi na ƙwarai
hannu goma ke nuna Barnaba.

Akwai Rahila, matar marigayi Cindo,
mai zama bakin ƙofa inda rana ke dukan baya.
Ba ta san baƙi ko ɗaya ba.
Ta kawo mini ajiyar jika arba'in, kuɗin gyaɗar shekara uku,
ta ce, riƙe mini, dattijo, ɗakina ba ƙyaure.
Na zuba su cikin fatun da na aika Agadas.
Da ta zo nema na ce, yaushe? Wa ya gani?
Ta dube ni kamar mai neman wani a bayana,
ta gyara ɗaurin zane, ta tafi.
Lahadin nan ni na yi addu'ar rufewa.
Na ja ta da tsawo.

Sai bazarar da famfo ya yi sati uku bai ɗiga ba,
'yan garuwa suka ninka kuɗin jarka,
zazzaɓi kuma ya nannaɗe ni a tabarma.
Abokan bencin gaba sun gaishe ni ta waya.
Amma kullum asuba sai a tarar da jarka a zaure,
cike, bakinta toshe da leda.
Rana ta biyar na ja jiki na leƙa:
Rahila ce, gammo a ka, ƙafa duk faso,
tun daga rijiyar bayan duwatsu.

Na ce, kin manta ne?
Ta ce, ban manta ba, jika arba'in ne.
To don me?
Ta ce, wanda ya mutu domina bai jira na biya shi ba,
kuma shi ya ce a yi.
Ni ban iya karatu ba, abin da na ji shi nake yi.
Ai kai ka karanta mana, bara.

Na sha ruwan, ya tsaya mini a maƙogwaro.
Ranar na ji warin kaina.
Sunan Yesu na shafa a bisa kamar ja,
ciki kuwa ɗanye nake, tsutsa na ci.

Na san ba a sayen ceto da jika arba'in,
ko da ɗari huɗu.
Fata ba ta jeme kanta,
sai dai ta yarda a nutsa ta, a murza, a kankare.
Daren nan na ce da shi, nutsa ni,
da muryar da ko matata ba ta ji ba.

Na sayar da tunkiya biyu da keken ɗinki.
Na ƙirga mata a tafin hannu gaban fasto,
na faɗi abin da na yi da bakin da ya yi musu,
na aje makulli a tebur.
Wasu har yau ba sa amsa gaisuwata. Suna da gaskiya.

Yanzu bakin ƙofa nake zama.
Rahila ta matsa mini wuri ba ta ce komai ba.
Rana na dukan baya.
In na ce Amin, kwano ba ya ji.