Da Ruwan Ciki

A kicin ɗin Jadwiga, hawa na huɗu, a Gdańsk,
an ture kwanukan miya gefe,
an shimfiɗa taswirar taurari.

Leszek yaƙi yake so.
Jirage sha bakwai gare shi, duka na kwali.
Ya ce a far wa maƙiya kafin shayi ya huce.

Bogumił bai ɗago kai ba.
Da rana shi ke ba jiragen ruwa mai a tasha,
da dare ma bai tsira ba:
fensir a haƙori, yana lissafi.
Tanka uku, ɗaya ta fashe tun wasan makon jiya.
Duniyar da za a ɗebo man
tana can zango biyu,
kuma mai ɗebowa ita ma sai ta sha.
Da ruwan ciki ake jan na rijiya,
ko a bayan taurari.

Jadwiga ta jefa ƙwaya mai fuska ashirin.
Ta gangara, ta tsaya a kan biyu.

Ayari ya ƙame cikin duhu,
tsakanin gishiri da ɓawon burodi.
Leszek ya je ɗora wani shayin.
Bogumił ya goge, ya sake daga farko.