Ɗinkin Tunau

A ramin zinare, gabas da Bagega,
ba a kiran kowa da suna.
"Kai!" ne sunanmu, mu goma sha tara,
bakin bindiga ke nuna aiki.

Tunau tela ne a kasuwar Anka
kafin a tare motarsu.
Da rana yana jan guga kamar kowa,
igiya ta cinye zanen tafinsa.
Da dare, in mai gadi ya yi gyangyaɗi,
sai ya zaro ƙayar aduwa,
ya tsefe zare daga bakin buhu:
"Kawo rigar nan, Nomau."

Na ce, "Rigar da gobe za ta sha laka?"
Ya ce, "Ta sha, amma ba a yage ba."

Malmala ɗaya, mu uku.
Da zaren nan yake yankawa,
ya ɗau ƙaramin.
Ba ya ci sai ya wanke hannu,
ko ruwan bai cika murfin jarka ba.

Ran da rami ya rufta da shi
suka ce, "Saura sha takwas."
Muka aje diga,
muka faɗi sunansa, har da na ubansa.

Na fito bara, da damina.
Matata ta so ta ƙona rigar.
Na ce ta duba ɗinkin tukuna.