Fuskata a Bayan Bas

Sun ce in tsaya gaban tagar da ke kallon tekun Valparaiso,
in harɗe hannu a ƙirji, in ɗaga haɓa kaɗan.
"Yi murmushi, Lauya Ximena, amma kar ya yi yawa,
mai neman lauya ba fara'a yake saye ba,
haƙoran da za su yi cizo a madadinsa yake nema."

Mai hoton ya sha kofi biyu a kuɗinmu.
Bayan mako fuskata ta hau bayan wata bas
mai hawa tudu tana tari,
lambar waya a ƙarƙashin haɓata,
a saman gashina: Quilodran da Abokansa.
Ni ce "abokansa", shekara shida ke nan.

Waya ta yi ta kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa.
Wani zai kai ƙarar maƙwabci kan haushin kare,
wani yana tambaya ko nawa ne tambaya.
Na zuba su a jadawalin da aka ba ni,
kore ga mai biya, ja ga mai surutu.
Ja ya cinye shafi.

Tsoho Evaristo, mai sunan da ke kan ƙofa,
bai iya buɗe jadawalin ba.
Ran Alhamis yakan gangara tashar jiragen ruwa,
ya ci soyayyen kifi da 'yan dako,
ba ya raba kati.
"Kati takarda ne, ruwa na jiƙa shi.
Tambayi sunan 'ya'yansu, ki riƙe."
Na ce wannan zamanin ya wuce.
Ya ce to.

Sai ga Rosalba Huenchul, mai gyaran kifi.
Ƙugiyar injin ɗaukar kaya ta cinye wa mijinta yatsu uku,
kamfani ya ce sakacinsa ne.
Wata tara ina kwana da takardunsu,
na hau benen kotu har takalmina ya buɗe baki.
Ran hukunci ba ta rungume ni ba,
leda ta miƙo, kifi na ɗiga a kan hatimin alƙali.

Yanzu biyu-biyu suke zuwa, gishiri a rigunansu.
"Rosalba ta ce kina ɗaga waya ko da dare."
Ba su ce ina cin shari'a ba.

Mai ba mu shawarar talla ya zo da zane mai hawa sama:
"Kin gani? Bas ta yi aiki."
Ban musa ba.
Ruwa ba ya faɗin kafar da ya shigo ɗaki.

Jiya Evaristo ya kira mai rubutun allo,
ya leƙo ofishina yana sosa ƙeya:
"Arancibia, da wane harafi yake ƙarewa?"

Bas ɗin har yau tana hawa tudu,
rana ta koɗar da ni, wani yaro ya zana mini gashin baki.
Yau Alhamis.
Na bar katunan a aljihun tebur.
Sunan autan Rosalba Nahuel.