Harafi Mai Hula

Ƙarfe tara na dare a Valparaíso,
jiragen ruwa sun kunna fitilu a tasha,
ni ina kan tudu, a ofis mai ɗaki ɗaya,
shayina ya huce tun la'asar ban sha ba.

Matattakala kawai na zana,
taki goma sha tara da marikin ƙarfe,
don Doña Eduvigis Zúñiga mai ciwon gwiwa,
wadda rabonta da kasuwar kifi tun bara.
Gobe da bakwai magina za su zo da siminti.
Su ba ruwansu da allon kwamfuta,
takarda suke so, ta dannewa da dutse
kada iskar teku ta sure ta.

Na ce wa firinta bismilla.
Ta yi gyaran murya, ta ja takarda,
ta tofo mini kusurwar taki ɗaya tak
ta cika shafi baki da baki,
matattakalar samudawa!
Ni na yi magana da milimita,
ita da inci ta saurara.

Na gyara ma'auni, na sake turawa.
Sai manhaja ta ce ba ta san fayil ɗin ba.
Ashe Aníbal, abokin aikina na Temuco,
ya buɗe shi da rana a manhajarsa ta bana,
tawa kuwa ta shekaru huɗu ce,
tsohuwa ba ta jin yaren jikokinta.
Na kira shi yana tsakiyar wankan ɗansa,
ina jin ruwa, ina jin kuka,
ya adana mini shi a tsohon zubi
da jiƙaƙƙen hannu, yana ban haƙuri.

Na leƙa rumbun gajimare in ɗauko,
na tarar ya haifi tagwaye:
ɗaya da sunana, ɗaya da sunansa,
kowanne na rantsuwa shi ne na ƙarshe.
Na zaɓi mai ƙaramin shekaru na buɗe.
An gudu gara, an faɗa zago:
ga matattakala tsaye a sarari,
babu tudu ƙarƙashinta, babu gida,
taswirar filin ta yi ɓatan dabo,
taki goma sha tara zuwa babu.

Na kashe, na kunna. Na zare waya, na mayar.
Na zagi na'urar da ba ta da uwa.
Karnukan unguwa suka amsa daga ƙasa.

Sha ɗaya saura, na buga wa Don Nibaldo,
mai shagon buga zane a gindin tudu,
wanda ya fara aikin nan tun ana wanke alƙalami.
Bai tambayi ƙarfin kwamfutata ba.
Ya yi hamma, ya ce, "Yaya sunan fayil ɗin filin?"
Na ce sunan mai gida ne, Zúñiga.
Ya ce, "Harafin tsakiya, mai hula a ka,
da na gabansa mai tsinke.
Gajimaren nan baƙo ne, bai iya kiransu ba,
yana juya su, manhaja ta nema ta rasa.
Tuɓe musu, 'yata, ki je ki kwanta."

Na tuɓe wa sunan tsohuwa hularsa.
Tudu ya dawo. Gida ya dawo,
har bishiyar lemon da ke bakin ƙofa.
Firinta ta ja takarda a hankali
kamar ba ita ce ta ɗazu ba.
Na ɗora rula a taki na farko:
santimita sha bakwai, daidai gwiwar mai ita.

Kafin in naɗe, na duba ƙasan shafi,
ga sunanta nan tsirara, kai babu komai.
Na laluba aljihu na ciro biro,
na mayar mata da tsinkenta,
na mayar mata da hularta,
sannan na kashe fitila.