Injin da Na Sayo a Kasuwar Gadarif

Kakar riɗi ta kama, ofis ya cika,
buhuna a ƙofa, dillalai a benci,
ni ina tsakanin farar takarda da shuɗin kabon,
ina danna biro har yatsana ya yi kanta.
Kwafin farko na mai kaya ne,
na biyu na direba,
na uku kuwa sai mai duba ya karanta shi.

Haj Attahiru ya ɗaga rasit, ya haska shi a rana:
"Bushara, ashirin ne wannan ko talatin?"
Haƙori guda ya raba su a lambar Larabci,
buhu goma ya raba su a sito.
Da safe ya miƙo mini kuɗi a ƙulle cikin leda,
bai ce komai ba sai "inji."

Awad ya shimfiɗa mini fara'a tun daga bakin shago.
Ga na farko, fari sol kamar jallabiyyar Juma'a,
yana buga launi, yana jin maganar waya ba igiya.
Na tambayi kuɗin tawadarsa.
Awad ya dubi rufi, ya ce a kawo shayi.
Na gane.
Sayen raƙumi na yini ɗaya ne,
ciyar da shi ke kai mutum ƙasa.

Na biyu ɗan ƙarami, na saƙalawa a hammata,
araha har ta ba ni tsoro.
Na ce a gwada.
Shafi goma sha biyu ya fara haki,
na sha uku ya tauna shi kamar akuya ta samu littafin bashi.

Can a lungu, ƙarƙashin kwali,
wani ya zauna shiru da tabo a kwiɓi.
Baƙi da fari kawai ya sani.
Ya yi shekara huɗu a wata makaranta,
ya ga jarrabawa, ya ga hawaye, bai gaji ba.
Garin tawada yake ci, ana ɗura masa in ya ƙare,
kuma Tijjani mai gyara, da ke bayan masallacinmu,
yana da hanjinsa kaf a cikin durowa.

Na ce, wutarmu baƙuwa ce, ba ta sallama in za ta tafi.
In janareta ya yi tari, zai yi fushi?
Ƙaiƙayin riɗi fa, da ke shiga har cikin kunne?
Awad ya daina murmushin ciniki.
Ya ce, "Rufe shi da zane in ka tashi,
kada ka ba shi takarda mai laima,
zai binne mu duka."

A amalanken jaki muka kawo shi, ina riƙe da shi kamar majinyaci.
Haj Attahiru ya zagaya shi sau biyu.
"Tsoho ka sayo mini?"
Na ce, "Tsoho ne ya aike ni."

Bai yi dariya ba.
Ya laluba aljihun ƙirji,
ya zaro wata takarda mai launin ƙasa, ninki takwas,
takardar hanyar mahaifinsa,
wanda ya baro Haɗeja da ƙafa, Makka a ransa,
guzuri ya ƙare masa a nan, gona ta riƙe shi.

Haske ya bi ta ƙarƙashin gilashi, ya dawo.
Takarda ta fito da ɗumi kamar gurasa.
Ga hatimi, ga ɗigon shayi,
ga dangwalen babban yatsa da duk zanensa.

Ya daɗe yana kallo.
Sannan ya ce, "Buga tara. Jikokina tara ne."

A waje direban Kasala yana ta danna oda.
Na ɗauki rasit ɗinsa, na kwantar a gilashin.
Talatin ne.