Rubu'in Ruwa

Karo na uku ke nan Malam Barau
yana hawo matakalar shagona a Taminus,
hular sanyi har kunne,
kwalba a hannu, an wanke ta fes,
ciki jajayen kifi biyu
sun juya ciki sama.

Ya ajiye ta kan teburi a hankali,
kamar mai tsoron tada barci.
"Chundung, 'yata, wallahi ban bar su da yunwa ba.
Safe, rana, dare, har bayan isha.
Jiya na marmasa musu burodi,
shekaranjiya gwaiduwar ƙwai.
Shekara talatin ina aikin jirgin ƙasa,
baƙo bai taɓa kwana gidana cikinsa na kuka ba."

Na ce, Baba, a nan gizo ke saƙa.
Kifi ba ya cewa na ƙoshi.
Abin da yatsa biyu suka tsakuro ya isa,
sau ɗaya, in ka matsu sau biyu.
Wanda suka bari yakan nutse,
ya ruɓe tsakanin tsakuwa,
ruwa kuwa ba ya tsami banza.

"To ai ina wanke musu ɗakin," in ji shi,
"duk Juma'a, da soso da sabulu,
in zubar da tsohon ruwa kaf,
in tara sabo daga famfo, garau kamar hawaye."

Na kama baki.
Yaron shagona ya juya wa bango dariyarsa.

Baba, tsabtarka ce ta kashe su.
Sabulu guba ne gare su, ko ƙamshinsa.
Ruwan famfo na ɗauke da maganin hukuma,
mu yana tsare mu, su yana ƙone musu numfashi.
Tara shi a bokiti, ɗiga wannan, bar shi ya huce.
Kuma kada ka kwashe duka.
Rubu'i kawai, ranar da ka zaɓa a mako.
Tsohon ruwan nan da kake raina wa,
shi ne garinsu, shi suka sani.

Ya yi shiru.
A waje masu kayan gwari na cinikin kabeji,
wani ɗan sahu na zagin wani.

"Rubu'i," ya ce. "Haka likita ya ce mini
da na so kwashe kayan Hajiya Gambo rana ɗaya.
Ya ce in bar wasu."

Ban ce komai ba. Na ɗauko koma ƙarama.

Na zaɓo masa uku, ba jajaye ba,
ƙanana masu jela kamar gefen gyale,
waɗanda ba su da saurin fushi.
Na ce, kada ka juye su kai tsaye,
ɗora ledar bisa ruwa tukuna,
gwargwadon shan shayi kofi guda,
su gaisa da ɗumin gidan.
Ka san sanyin Jos ba ya tambayar izini,
ga hita, nesa da taga.
In an ɗauke wuta, injin kumfa ya tsaya,
ɗebi ruwan da kofi ka zuba daga sama,
ka maimaita, iska ce kake ba su.

Ya rubuta duka a bayan takardar fansho.

Mako shida ban gan shi ba.
Na ce ko sun bi 'yan'uwansu, kunya ta hana shi.

Sai ga shi ranar Talata, ana yayyafi,
hannu wofi, babu kwalba.
Bai sayi komai ba.
Ya tsaya bakin ƙofa yana karkaɗe lema,
ya ce, "Ɗaya ta haihu.
Na ƙirga tara, jikata ta ce sha ɗaya.
Ƙanana ne, sai ka ce ƙwayar gero mai ido.
Yanzu fa, me zan ba su?"

Na buɗe baki.
Ya ɗaga yatsa biyu, ya haɗe su.
"Na sani," ya ce. "Kaɗan."